Kada A Ƙwace Wa Tsoho Makullinsa

Duk lokacin da hira ta biyo ta kan yadda mutanen Amurka da Ingila ke kai iyayensu gidajen kula da tsofaffi, sai ka ji Bahaushe ya yi tsaki ya ce Allah ya sawwaƙe, mu ba mu gaji haka ba. Gaskiya ne, ba mu gada ba. Tun daga Bebeji da Ƙiru, ka bi ta Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore har ka dangana da Riruwai a ƙasar Doguwa, da wuya ka sami gidan da zai yarda a ce tsohonsa na gidan gajiyayyu alhali 'ya'yansa na raye. Abin gori ne da zai bi zuri'a har jikoki. Amma alfaharin nan ya lulluɓe wata tambaya da ba mu son a yi mana: da muka ce a gida za mu riƙe su, mun iya riƙon kuwa? Ci da sha da sutura muna yi daidai ƙarfinmu. Inda muke kasawa shi ne ranar da ƙwaƙwalwar tsoho ta fara ja da baya, kuma a gidaje da dama abin da ke fara tona wannan asiri shi ne ɓatan makulli.

Wanda bai san zaman karkara ba zai ga abin bai taka kara ya karya ba. Makulli ya ɓata, a fasa kwaɗo, a sayo wani, magana ta ƙare. To, a wannan yanki arzikin mutum a buhu yake. Masarar Doguwa, shinkafar Tudun Wada, dawar Ƙiru, da abin da noman rani ke bayarwa da ruwan Tiga tun da aka kammala madatsar a 1974, duk a sito ko rumbu suke kwana, kuma wanda ke buɗe sito ya auno hatsi shi ne maigida. Dattijon da ƙafa ta hana shi zuwa gona, ido ya hana shi cin kasuwa, abokan hirarsa na ƙofar gida suka tafi ɗaya bayan ɗaya, abin da ya rage masa na shaidar cewa har yanzu da shi ake gidan nan shi ne a zo a durƙusa a ce, "Baba, a ba da makullin sito, za a kai niƙa." Haka tsohuwa take da adakarta. A ciki akwai turamen da ta tara, da ɗan kunnen da ta ajiye wa jikar da za a aurar, da kuɗin adashi, wata ma har da likkafanin da ta tanadar wa kanta. Makullin na ƙulle a haɓar zaninta, da shi take kwana, da shi take tashi.

Ga yadda abin kan kasance. Da hantsi mai mota ya zo ɗaukar masara, ana jiran Baba ya buɗe. Ya laluba aljihun gaba, ya laluba na gefe, ya cire hula ya leƙa cikinta, ya ɗaga buzu, ya zazzage gafaka. Babu. Tun yana yi a natse har gumi ya karyo masa. Yara sun yi cirko-cirko, mai mota na ƙorafin rana na yi. Sai ya ɗago ya ce, "Wa ya shiga ɗakina?" Gida ya yi tsit, domin mutum ɗaya ne ya shiga tun safe, wato matar ɗansa da ta kai masa koko ta share ɗakin. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi Baba ban ga makulli ba." Ya ce, "Dama na sani. Tun da kika shigo gidan nan kayana suka yi ƙafa." Aka kawo guduma aka fasa kwaɗo. Da la'asar aka tsinci makullin a cikin butar alwalarsa. Ba wanda ya ba baiwar Allah haƙuri, shi kuwa Baba cewa ya yi ita ta jefa shi ciki da ta ga asirinta zai tonu.

Daga nan gidajenmu kan ɗauki ɗaya daga cikin hanyoyi biyu, kuma duka biyun ba sa ɓillewa. Ta farko ita ce ta 'ya'yan da ke Kano ko Abuja ko Fatakwal, masu yanke hukunci ta waya: "A karɓe makullan kawai, Baba ya rikice." Sai a karɓe. Abin da ba su lissafa ba shi ne, mutumin da ba ya tuna inda ya ajiye makulli ba zai tuna an yi shawara da shi kafin a karɓa ba. Kullum garin Allah ya waye sai ya laluba aljihu ya ji wayam, kullum sai a sake faɗa masa cewa makulli na hannun wane, kullum sai ya ji zafin abin sabo fil. Zargin da yake yi a da ba shi da tushe, yanzu kuwa an ba shi tushe. Daga nan sai ƙin cin abinci, sai kai ƙara wurin mai unguwa, sai furta kalaman da ba ɗan da ke son ya ji daga bakin mahaifinsa.

Hanya ta biyu ita ce ta "tsufa ne, a yi haƙuri." Maganar da daɗin ji, amma idan ka bi diddigi za ka ga mutum ɗaya ake nufi ya yi haƙurin: macen da ke gidan. Matar ɗa ce, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo, ko amaryar tsohon da ya auro da girma. Ita ke wanki, ita ke dafa abin da zai iya taunawa, ita ke tashi cikin dare, ita ce kuma ɓarauniya duk ranar da wani abu ya ɓata. Idan ba ita ba, to almajirin gida ne zai sha duka a kan abin da bai ji ba bai gani ba. Wasu gidajen har mai duba ake nema ya faɗi ɓarawo, ko a ɗauko Alƙur'ani a ce kowa ya dafa. Aure nawa ya mutu a kan makullin da daga baya aka tsinta a cikin takalmi? Idan kuma tsohuwa ce ta rikice, tana fita cikin dare, tana kiran sunayen matattu, sai raɗe-raɗin maita ya fara zagaya unguwa. Wanda ke ganin wannan wasa ne ya tuna Akua Denteh, tsohuwa mai shekara 90 da aka kashe da duka a garin Kafaba na arewacin Ghana a watan Yulin 2020 bisa zargin maita, jama'a na tsaye suna kallo.

Abin da ya kamata kowa ya fara ganewa shi ne Baba ba ƙarya yake yi ba, kuma ba sharri yake ƙullawa ba. A 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya gabatar wa takwarorinsa labarin wata majinyaciya, Auguste Deter, wadda aka kai asibitin Frankfurt a 1901 tana da shekara 51. Cikin abin da ya lura da shi har da cewa tana kwasar kayan gida tana ɓoyewa, tana kuma zargin mijinta ba gaira ba dalili. Cutar da yau ake kira da sunan likitan ita ce kan gaba cikin cututtukan mantuwa, waɗanda mu muke haɗawa mu kira gigin tsufa. Takan fara ne da lalata sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye sabon abu, ta bar tsohon. Ƙwaƙwalwar ta zama kamar rumbun da aka yaɓe bakinsa: hatsin bara na ciki lafiya lau, na bana ba ya shiga. Shi ya sa dattijo zai ba ka labarin aikin Tiga a zamanin Audu Baƙo, da yadda aka yi canjin kuɗi a 1984, da farashin buhun gyaɗa a ƙuruciyarsa, bai tsallake komai ba, amma ya kasa faɗin ko ya karya kumallo. Ɗan da ya zo daga birni ya yi hirar awa ɗaya da shi sai ya koma yana cewa, "Lafiyar Baba ƙalau, matan gidan ne ba su da haƙuri."

Tunda ajiye makullin bai shiga ƙwaƙwalwarsa ba tun farko, a wurinsa bai taɓa ajiye shi a buta ba. Abin da ya sani shi ne makulli na aljihu, yanzu babu. Me ya rage in ba sata ba? Tsoron satar kuma shi ke sa gobe ya ƙara zurfafa ɓuya, ya tura makullin a tsakanin azara ko cikin matashin kai, ya sake mantawa, zarginsa ya ƙara ƙarfi. Musu da shi ba ya warware wannan ƙulli. Duk hujjar da ka kawo za ta bi iska kafin azahar, ɓacin ran da musun ya haifar ne kaɗai zai kwana da shi.

Ba kowace mantuwa ce cuta ba. Dukkanmu mukan nemi makullin babur alhali yana hannunmu. Mai mantuwar yau da kullum yakan tsaya ya bi sawun kansa, ya ce daga masallaci na biya wurin mai shayi, sai ya tuna. Abin da ya kamata ya tayar da hankalin iyali shi ne a riƙa tsintar kaya a wuraren da ba su dace ba, ko tambaya ɗaya a maimaita ta sau biyar a zama ɗaya, ko mutumin da ya shekara sittin yana salla ya fara rikicewa a raka'o'i yana sake alwala a kan alwala, ko ya fito daga masallacin unguwarsu ya rasa hanyar gida, ko ya riƙe makullin a hannu yana jujjuyawa bai san kwaɗon da yake buɗewa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke ɗauke da cutar mantuwa a duniya, ana samun sababbi kusan miliyan 10 a kowace shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da birnin Indianapolis na Amurka ya nuna cutar ta fi yawa a can fiye da nan, amma ya tabbatar akwai ta a nan. Wani binciken da likitoci suka yi a Zariya aka wallafa a 2011 ya same ta a jikin kusan mutum uku cikin kowane ɗari na tsofaffin da aka duba. Saboda haka ba ciwon Turawa ba ne, ba kuma jifa ko sammu ba ne.

Na san abin da wasu za su ce: tunda ba ta da magani, wahalar kai tsoho asibiti ta mece ce? Gaskiya ne har yau ba a sami maganin da ke warkar da cutar Alzheimer ba. Amma abubuwa da yawa na yin kama da ita, kuma su suna jin magani. Dattijon da yanar ido ta rufe masa gani ba zai ga makullin da ke kan tabarma a gabansa ba. Wanda kunnensa ya yi nauyi bai ji lokacin da aka ce masa an rataye shi a ƙusa ba. Hawan jini da ba a kula da shi ba yakan toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali, ciwon suga na yin tasa ɓarnar, haka ƙarancin wasu sinadarai a jini, haka ciwon damuwa da kan kama tsoho bayan rasuwar abokin zamansa. Ga magungunan barci da na ciwon jiki da ake sayo masa a kemis ana haɗa masa barkatai. Idan kuwa rikicewar ta zo farat ɗaya, jiya lafiya yau bai san inda yake ba, wannan na gaggawa ne, domin zazzaɓi, ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafi ko shanyewar ɓarin jiki duk suna kawo haka. A 2024 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ya ce magance su na iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa, kuma raunin ji, raunin gani, hawan jini da suga duk suna ciki.

Don haka a fara da asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Tudun Wada ne ko na ƙaramar hukumar da ake, a auna jini da suga, a tafi da duk magungunan da yake sha a leda likita ya gani. Wanda zai raka shi ya zama mai kwana da tashi da shi, wanda ya san abin da ke faruwa, ba wanda ya fi kuɗi ba. Idan abin ya fi ƙarfin likitocin wurin su tura shi Asibitin Malam Aminu Kano. Idan ido ne, ga asibitocin ido a cikin Kano, aikin yanar ido kuwa ba ya ɗaukar yini. Kuma mu daina jin kunyar likitan ƙwaƙwalwa. Kai uba wurinsa ba shi ne ce masa mahaukaci ba.

Sai batun makullin kansa. Ra'ayina shi ne a bar masa abinsa a hannunsa, a cire haɗarin da ke tattare da ɓatansa. A gidajen kula da tsofaffi na Turai da muke zagi, haka masu hankalin cikinsu ke yi: tsoho na riƙe da makullin ɗakinsa, ma'aikata na da nasu a ajiye. Mu ma ba abin da zai hana. A je wurin mai yankan makulli a yanko biyu ko uku, ko a sayi kwaɗo mai makullai da yawa, a ba shi ɗaya, a ajiye sauran wurin mutum guda da kowa ya amince da shi. Idan hankalinsa na ɗauka, a yi da saninsa: "Baba, kwaɗon nan ya fara cijewa, na sayo sabo, ga naka, na bar ɗaya wurin Yaya saboda tsaro." A duba damin makullan da yake yawo da shi. Sau da yawa za a tarar guda goma ne, bakwai na kwaɗunan da suka mutu tun tuni. A rage su zuwa ɗaya ko biyu. A sa baduku ya yi masa igiyar fata mai kauri da zai rataya a wuya ta cikin riga, ko a ɗaure a maɓallin aljihu, a sa mata tuntu mai launi da ido zai hango daga nesa. Tsohuwa kuma haɓar zani takan kwance, kuma zani ana canza shi, gara a ɗinka mata ƙaramar jaka mai zare. A kafa ƙusa ɗaya a inda ya saba zama, a riƙa rataye makulli a nan kullum bayan isha'i har hannu ya saba, domin sabo yakan daɗe bayan tunani ya tafi.

Akwai ƙananan na'urori irin su AirTag da ake maƙalawa a makulli a neme shi da waya. Mai hali ya gwada, amma kada a dogara da su a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, manyan wayoyi kuma ba su da yawa. Abin da ya fi su aiki shi ne sanin maɓoyarsa. Kowane tsoho na da wurare uku ko huɗu da yake komawa: ƙarƙashin katifa, cikin gafaka, aljihun rigar Juma'a, bayan rediyo. Mai kula da shi ta san su, ta duba shara kafin a zubar, ta laluba aljihu kafin a jiƙa wanki. Idan makulli ya ɓata kada a ce masa, "Ka sake yar da shi ko?" A ce, "Bari mu duba tare, Baba." Idan an gani, a bar shi ya ɗauka da hannunsa.

A nan al'adarmu ta ba mu wata dama da ba a sayarwa a kanti, wato wasan jika da kaka. Abin da ɗa zai faɗa ya zama raini, abin da matar ɗa za ta faɗa ya zama rashin kunya, jika zai faɗe shi a yi dariya. Yarinya 'yar shekara goma za ta iya tsayawa a gaban kakanta ta ce, "Maigida, yau kuma wace budurwar ka ba makullin sitona?" ya kai mata dukan wasa da carbi, su shiga nema tare. Tsohuwar da ba za ta yarda kowa ya taɓa adakarta ba za ta miƙa wa jikanta makulli tana cewa, "Ungo, angon banza, ba ka ko kawo cefane." A zaɓi jika mai hankali a ɗora masa wannan aiki, ya zama shi ne mai rataye makulli da dare, mai tuna wa kaka da safe. Amma kada a cire yaro daga makaranta saboda haka.

Akwai makullan da ba a sassauci a kansu. Na farko makullin babur. Dattijon da ya fara ɓata hanya bai kamata ya hau titin Kano zuwa Jos ko ya shiga cunkoson Kwanar Ɗangora a kan babur ba, don ransa da na wasu. A nan ma dabara ta fi ƙarfi: a samar masa yaron da zai riƙa kai shi. Na biyu duk ɗakin da ake ajiye maganin feshi, ƙwayar da ake sa wa hatsi don ƙwari, fetur ko taki. A kwashe su daga sitonsa a mai da su wani wuri, a bar masa hatsinsa. Na uku sakatar cikin ɗaki. Sanyin hunturu a ƙasar Doguwa ba wasa ba ne, tsoho kan shiga da kaskon garwashi ya danna sakata, hayaƙi ko gobara ta same shi ba mai iya shiga. A canza ta da irin wadda ake iya buɗewa ta waje. Kuma kada a taɓa kulle tsoho ta waje a tafi biki ko gona. Idan yana fita yawo, a rufe rijiyar gida, a sa takarda mai lambar waya a aljihunsa, a sanar da mai unguwa, liman, masu shayi da 'yan acaɓa cewa duk wanda ya gan shi ya nufi bakin ruwa ko hanyar daji ya dawo da shi cikin mutunci.

Kada kuma a ce tunda Baba na mantuwa, duk ƙorafinsa shirme ne. Tsoho mai mantuwa shi ne ya fi daɗin cuta, don an san ba mai yarda da maganarsa. Gidaje nawa ne ke da matashin da ƙwaya ta lalata, wanda ke zare kwano biyu na masara kullum? Ba a banza gwamnatin Kano ta ajiye makarantar gyaran tarbiyya a Ƙiru ba. Maganin wannan shi ne lissafi. A ƙirga buhunan da ke sito a gaban mutum biyu a rubuta, abin da aka fitar a rubuta. Lissafi na kare tsoho daga ɓarawon gaske, yana kuma wanke wadda ake zargi a banza. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle ga littafi a ajiye.

Ɓatan makulli gargaɗi ne cewa akwai abubuwan da suka fi makulli tsada da ke shirin ɓata. A kan dattijon nan iyakar gonaki take. Shi ya san gonar da aka karɓa jingina da wadda aka saya, ya san wanda ake bi da wanda ke bin gidan, ya san amanar marayun da aka ba shi ajiya shekara ashirin da suka wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yana gane mutane, a zauna da shi da safe lokacin da kansa ya fi sakewa, a kira shaidu, a rubuta, a naɗi muryarsa a waya, a zagaya iyakokin da shi idan ƙafa na ɗauka. Takardun fili, katin banki da takardun fansho a ajiye su inda duk magada suka sani. Kuma ɗa ya sani cewa rikicewar uba ba ta mai da dukiyar uba tasa ba. A fiƙihun Malikiyya hana baligi sarrafa dukiyarsa babi ne mai sharuɗɗa da ake kira hajru, kuma magana ce da ake kai wa alƙali, ba wadda babban ɗa zai yanke shi kaɗai a zaure ba.

Hukuma ma na da nata kason. Tun farkon 2018 aka sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, cibiyar ta fara aiki a 2021, a shekarar ce kuma aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar lafiyar tsofaffi tun 2012. Mutumin Yaryasa ko Burji ko Rahama bai ga ko ƙurar waɗannan ba. Abin da nake roƙo ba gini ba ne. A Japan tun 2005 suke tara jama'ar gari, masu shago da direbobi da ɗalibai, a yi musu darasin awa ɗaya da rabi kan yadda ake gane mai cutar mantuwa da yadda ake yi masa magana, kuma waɗanda suka halarta sun haura miliyan 10. Me zai hana shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa su sa a koya wa ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi wannan darasi, su kuma su kai shi Islamiyyun matan aure? Me zai hana limamanmu su ware huɗuba ɗaya, ko a makon 21 ga Satumba, ranar da duniya ta keɓe don wannan cuta? Ba baƙon zance ba ne a mumbari. Suratun Nahli da Suratul Hajji duk sun ambaci matakin tsufan da mutum ke rasa abin da ya sani, Suratul Isra'i kuma ta hana ko da ƙaramar kalmar ƙosawa ga iyayen da girma ya kama.

Kalmata ta ƙarshe ga 'ya'ya maza ce, musamman na nesa. Turo kuɗi ta waya a ƙarshen wata ba shi ne riƙon uba ba. Ku zo ku kwana biyu a gidan, ku ga abin da ake gani da tsakar dare. Ku tsara karɓa-karɓa tsakaninku, ku ba matar da ke ɗawainiya hutu da haƙƙinta, kuma duk ranar da Baba ya kira ta ɓarauniya, ku tashi a gaban kowa ku wanke ta, sannan ku koma ku lallashe shi. Ku kai shi asibiti a wannan watan, ku yanko makulli na biyu a kasuwa mai zuwa, ku bar na farkon a wuyansa. Idan ba za mu iya wannan ba, to mu daina yi wa masu gidajen tsofaffi gori. Allah ya ba mu ikon rama wa iyayenmu, ya sa mu gama da su lafiya.